Shanyar Citta a Filin Jirgi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da filin jirgi, amma ban taɓa shiga jirgi ba. In na faɗa wa mutane sai su yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Aikina a ƙasa yake, kuma ƙasar ma ta ishe ni.

Kada wani ya ji filin jirgi ya ɗauka irin na Kaduna ne mai kwalta da fitilu. Namu jar ƙasa ce da gajeriyar ciyawa, a bayan ƙauyenmu, in ka sauka daga titin da ya taso daga Kachia zuwa Kafanchan ka ɗan yi tafiya cikin gonaki. Na asibitin mishan ne. Tsawonsa taku dubu ne da ƙafata, na auna shi sau ba adadi. Ta arewa akwai dutse da dogayen itatuwa, saboda haka kowane jirgi ta kudu yake shigowa, ya tsallake itatuwan mangwaro, ya sa ƙafa a farkon filin. Ƙaramin jirgi ne mai farfela ɗaya a hanci, bai wuce ya ɗauki mutum biyar ko shida ba. Yakan kawo likita, ko magani, ko ya tafi da wanda ciwonsa ya fi ƙarfin asibitinmu.

Ni kuwa nawa shi ne in sare ciyawa da adda, in rushe suri in gara ta tayar, in cike inda ruwa ya ci, in roƙi masu shanu su bi ta gefe. Akwai wani ƙyalle mai kama da ƙafar wando da muke ratayawa a kan doguwar sanda don direban jirgi ya ga inda iska ta nufa. In ya yage ni ke ɗinke shi. Sai kuma doka ɗaya da aka kafa mini tun ranar farko: duk abin da ya canza a filin, in buga waya in faɗa.

Wata mata ce take ɗaukar wayar, a ofishin masu jirgin, can birni. Ban taɓa ganin fuskarta ba. In na faɗa mata, sai ta tura wa waɗanda suke haɗa takardar sanarwa, wadda aka ce dole kowane direban jirgi ya karanta kafin ya tayar da inji. Kuma a ƙauyenmu waya ba ta shiga sai ka hau wani tudu da ke bayan coci. Gwiwata ta hagu ta lalace tun ina saurayi, hawan nan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Ban yarda ana karanta takardar ba. Ina da dalili. Kafin wannan aikin na yi shekaru ina kwandasta a tashar Kafanchan, muna jigilar Kagoro da Manchok. A bangon ofishin tasha kullum akwai takardu a manne, wata a kan wata, har ruwa ya wanke su. Ban taɓa ganin direba ya tsaya ya karanta ko ɗaya ba. In gada ta karye, daga bakin wani direba za ka ji, ko wanda ya taho ta can ya kunna maka fitila ya nuna ƙasa da hannu. Na ce a raina direba direba ne, ko a ƙasa ko a sama.

Na taɓa tambayar wani tsohon Bature, direban jirgin da ya daɗe yana zuwa mana. Hausarsa ta fi tawa gyara. Yana zaune a inuwar fiffike yana cin gyaɗa, na ce, "Oga, wannan takardar da ake cewa kuna karantawa, da gaske ne?"

Ya miƙa hannu cikin jirgi ya zaro wasu takardu a haɗe, masu kauri kamar littafin waƙoƙin coci. Ya ce, "Ga ta. Yawancin abin da ke ciki bai shafe ka ba. Fitila ta mutu a filin da ba za ka je ba. An kafa dogon ƙarfe a garin da ba za ka bi ba. A tsakiyar wannan tarkacen naka layin yake ɓuya. Wasu suna karantawa, wasu suna dubawa sama-sama."

Na ce, "Kai fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ni ai na san filin nan kafin ka san shi." Ya miƙo mini gyaɗa. Amsar da ya ba ni ke nan. Daga baya ya tsufa ya koma ƙasarsu, ni kuma na riƙe maganarsa a matsayin shaida cewa gaskiyata ce.

To, mu mutanen citta ne. Wanda bai taɓa zama a yankinmu ba ba zai gane yadda wuri mai faɗi yake zama abin nema ba in an haƙe citta. Ana wanke ta, a tsaga kowace gida biyu da wuƙa, a baza a rana har ta bushe ƙarau. In ka tara ta da ɗanyantaka sai ta yi fumfuna, aikin shekara ya tafi. Saboda haka kowane falalen dutse, kowane gefen titi, har harabar makaranta in an yi hutu, duk citta ce. Kuma da yake citta duk kamarta ɗaya, kowace mace duwatsu take jerawa ta kewaye tata. Dutsen nan shi ne iyaka. Ba a taɓa dutsen wata. Wadda ta matsar da dutsen maƙwabciyarta ko da taku ɗaya, kamar ta sa hannu a rumbunta ne, sai dattawan coci sun zauna a kan maganar. Tun ina ƙarami na san haka, ba wanda ya koya mini.

A shekarar da nake ba da labari citta ta yi albarka fiye da yadda muka saba. Falalen dutse ya cika, gefen titi ya cika. Sai kuma aka ji daga asibiti cewa an kwance jirginmu ana gyara, ba zai zo ba sai bayan Kirsimeti. Ban san wa ya kai wa mata labarin ba. Da safe ina wasa adda sai ga shugabar zumuntar mata ta cocinmu, wadda muke kira Uwar Zumunta, da mata kamar ashirin a bayanta, kowace da kwando a ka.

Ta ce, "Mai jirgi, ina kwana."

Na ce, "Mama, filin nan ba wurin shanya ba ne."

Ta ce, "Kafin a haife ka wurin shanya ne. A nan uwarka ta goya ka tana juya citta. Kakanninmu sun ba mishan aron ƙasa, ba su ba su aron rana ba. Jirgin naka yana asibiti an ce, ko ƙarya ne?"

Matan suka yi dariya. Na duba cikinsu, duk ko innata ce, ko surukata, ko wadda ta yi mini wankan jarirai. Dagaci ma an riga an je wurinsa ya ce ba ruwansa. Na gaji kafin a fara. Na ce su tsaya ta kudu, kusa da hanya, kada su hau sama. Kafin rana ta take sun baza, sun jera duwatsu, wasu kamar kan mutum. Har farin tamfol guda biyu da aka ba ni don in shimfiɗa su gicciye in fili ya rufu, alamar da direban jirgi zai gani daga sama, suka ɗauka suka shanya citta a kai. Ban hana ba. Jirgi ai ba ya zuwa.

Amma doka doka ce. Na taka daga farkon filin zuwa dutse na ƙarshe, taku ɗari uku cif. Na kafa kara a wurin. Na ja gwiwata na hau tudun bayan coci na kira matar ofis.

Ta ce, "Baba, me ke kan filin?"

Na ce, "Citta."

Ta ce, "Citta ta ci?"

"Ita. Da duwatsu."

Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ta wane gefe, tsawon nawa, girman duwatsun, har yaushe za a kwashe. Na ce taku ɗari uku daga kudu. Ta ce takun wa? Na ce nawa, ni ba ni da wani ma'auni sai ƙafata. Ta tambayi tsayina, ta ce za ta mayar da shi lissafinsu. Sannan ta karanto mini abin da ta rubuta, na ce haka ne. Ina saukowa daga tudun ina ce wa kaina na wahalar da gwiwa a banza.

Bayan kwana huɗu matata ta gama tsaga tamu. Mu ne muka makara a shekarar. Ta zagaya ba wuri. Ta ce, "Baban yara, kai ne mai fili, matarka ce za ta rasa wurin shanya?" Sai ta baza tata a gaban karan da na kafa, ta ci taku arba'in. Ni da kaina na kwaso mata duwatsu da baro daga bakin rafi. Na zaɓo manya, waɗanda sai da hannu biyu, don kada a ce dutsen matar mai fili ya fi na kowa ƙanƙanta.

Zan faɗi gaskiya a nan, don saboda ita nake rubutun. Na san takarda ta ce ɗari uku, na san yanzu ɗari uku da arba'in ne. Na dubi tudun, na dubi gwiwata, na ce gobe. Gobe ta yi na ce wa zai karanta. Ban kira ba.

Ranar kasuwar Kachia ce, yawancin matan sun tafi. Da hantsi ina can bakin rafi ina yanka ciyawar awaki sai na ji mashin yana ta hon. Direban asibiti ne, wani mai ƙiba da muka yi firamare tare kafin in bari a aji huɗu. Bai kashe mashin ba.

Ya ce, "Tun ɗazu nake nemanka. Jirgi na zuwa."

Na ce, "Jirgi yana wurin gyara."

Ya ce, "Wani ne, aro aka yi. Kububuwa ta sari wata mata a gona, jini ya ƙi tsayawa, maganin dafi ya ƙare, shi jirgin zai kawo. An ce direban bai taɓa zuwa nan ba. Ya daɗe da tashi. In ya yi nisa, minti goma sha biyar."

Na hau bayansa. Da muka fito filin na ga abin da idon baƙo. Rana ta bugi cittar ta koma kalar ƙasa, ja-ja, fari-fari. Ni da nake tsaye a bakinta sai na ƙura ido nake rarrabe inda citta ta ƙare ƙasa ta fara. Duwatsun ma ƙasa ta rufe su sun zama kala ɗaya. Wanda ke sama fili zai gani sumul. Zai zo ta kan mangwaro kamar kowa, ya sa ƙafa a farkon filin, da gudun da ya fi na kowace mota da na taɓa shiga, a kan duwatsu kamar kan mutum.

Mata shida ne kawai a wurin, da Uwar Zumunta, da matata. Na ce a kwashe duwatsu, jirgi na zuwa. Kowace ta ruga ta kama nata. Na nuna sauran, na matan da suka tafi kasuwa, waɗanda su ne suka fi yawa. Suka tsaya suna duban juna. Wata ta ce, "Na matar fasto ne wannan." Ba taurin kai ba ne. Hannunsu ne ya ƙi. Uwar Zumunta ta daka musu tsawa ta ce ta ɗauki laifin, sannan suka sunkuya. Amma na riga na ƙirga da ido. Ko duk ƙauyen ne ya fito, taku ɗari uku na duwatsu ba zai kwasu a minti goma ba. Farin tamfol ɗin yana can tsakiya, citta da duwatsu sun danne shi.

A nan na tsaya, hankalina ya yi wani irin sanyi. Abu biyu ne. In direban bai karanta takardar ba, babu abin da hannuna zai iya yi, zai sauka a farko ya mutu, maganin ya fashe tare da shi. In kuma ya karanta, zai tsallake taku ɗari uku ya sa ƙafa daidai inda na ce masa fili ya fara. Wurin kuwa duwatsun matata ne, manyan nan da na zaɓo. Wato in bai yarda da maganata ba ya mutu, in ya yarda da ita ma ya mutu.

Taku arba'in ɗin nan ne kawai ke hannuna. Ni da na yi shekaru ina cewa ba mai karantawa, ban da abin da zan jingina da shi sai cewa wannan ya karanta. Na ce, "Maman yara, namu." Muka ruga can ni da ita da direban asibiti. Muna ɗaga dutse muna jefarwa gefe, muna taka cittar da ta yi kwana da kwanaki tana tsagawa. Ban ji gwiwata ba sam. Ba mu kai rabi ba na ji ƙarar jirgin.

Duk shekarun nan, ƙarar nan ba ta taɓa zama mini abin sabo ba. Tana farawa kamar ƙudan zuma ɗaya a cikin kunne, ba ka san ta ina take ba. Sai ka ga ɗigo a saman dutse, kamar shirwa. Na kori kowa gefe. Na tsaya a bakin fili na cire rigata ina kaɗawa, ko da yake na san daga can ni ba komai ba ne, tsinke ne.

Jirgin ya zagayo ta kudu ya daidaita hancinsa da filin. Ya sauko. Matata ta durƙusa ta kama ƙafar wandona tana kiran sunan Ubangiji a hankali da yarenmu.

Bai sauka ba. Ya zo ƙasa-ƙasa, tsayin giginya, ya bi gefen filin a hankali kamar mai duba gonar da zai saya. Ya karkatar da fiffike ɗaya ƙasa. Ta tagar na ga kai ya sunkuyo yana kallon cittar. Ba kallon fili yake ba, wurin nan yake nema, kamar wanda aka yi wa kwatance. Ya bi ta daga farko har inda muke, ya wuce, injin ya ɗaga murya, ya hau sama ya kauce wa dutsen arewa ya sake zagayowa.

Direban asibiti ya ce, "Ya gani."

Na ce, "An faɗa masa."

Karo na biyu ya zo sama da yadda kowa ke zuwa. Ya bar mangwaro can ƙasa. Injin ya yi shiru har ina jin iska tana busawa a jikin fiffike. Abu mai nauyin mota, cike da mai da ƙarfe, yana saukowa kamar ganyen da ya bar reshe. Ya wuce kan cittar Uwar Zumunta. Ya wuce ta matar fasto. Inuwarsa tana gudu a kan shanya. Ya iso karan da na kafa, taku ɗari uku, inda na ce, kuma tayoyinsa suna sama. Ya riƙe su a sama. Ya wuce gabana kusa har na ga tabon mai a cikinsa, tayoyin suka tsallake layin duwatsunmu na ƙarshe da tsayin mutum, sannan can gaba suka taɓa ƙasa, a hankali, kamar uwa ta ajiye jariri mai barci. Ya gangara ya tsaya, da sauran fili a gabansa.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Farfela ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Wadda ta fito mace ce. Baƙar fata irinmu, gajeriya, ba ta kai kafaɗata ba, da kitso da farar riga. Ba ta kula kowa ba sai da ta miƙa wa direban asibiti wata ƙaramar kula mai ƙanƙara a ciki, ta ce ya yi sauri kada ya jijjiga ta. Mashin ya tashi. Sannan ta juyo.

Ta ce, "Sannunku da aiki. Wane ne mai kula da filin?"

Hausarta irin tamu ce, ta waɗanda suka koya a kasuwa da coci. Na tashi na sa rigata a bai-bai na je.

Akwai wani allo ƙarami da ta ɗaure a cinyarta, da takardu a maƙale. Ta buɗe, ta buɗe, ta buɗe, ta tsaya a wani shafi. Rubutu ne cunkus, duk manyan baƙaƙe, ba wurin sa yatsa. A tsakiya akwai layi biyu da ta ja wa jan biro. Ta sa yatsa ta fassara mini: farkon filin nan daga kudu a rufe yake, tsawon kaza, akwai amfanin gona a shanye da duwatsu.

Maganata ce. Wadda na faɗa a kan tudun bayan coci ina haki, ina jin haushin gwiwata. Ta bi iska ta je birni, wata mata da ban taɓa gani ba ta rubuta, ta shiga cikin takardun manyan filaye masu fitilu, ta hau sama a cinyar wannan baiwar Allah, ta dawo ta same ni a inda na tsaya. Na yi ta kallon layin. Ban iya karanta shi ba, amma na san shi.

Na ce, "Madam, duk waɗannan kika karanta?"

Ta ce, "Duka. Ina tsaye ana zuba mai."

"An ce mace na mutuwa, kina sauri."

"Shi ya sa." Ta dubi shanyar. "Baba, daga sama wannan ƙasa ce kawai. Ko da na zagaya, shanu zan nema ko rami, ba zan nemi dutse mai kalar ƙasa ba. Layin nan ne ya ce mini in nemi dutse." Ta nuna inda shanyar ta ƙare. "Amma abin da na gani ya fi abin da aka rubuta tsawo."

Ga matata tsaye, ga Uwar Zumunta, ga sauran. Na ce, "An ƙara taku arba'in. Na matata ne. Ni na kwaso duwatsun. Ban sake kira ba."

"Me ya sa?"

"Na ɗauka ba a karantawa."

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni kamar yadda likita yake duban ciwo, ta ce, "Ni ban san filin nan ba, Baba. Abin da ka faɗa shi na ɗauka na tashi da shi. Yau rana tana sama na ga ƙarin. Wata rana ba zan gani ba."

Na ce, "Na ji."

Uwar Zumunta ce ta raba mu. Ta matso tana gyara ɗaurin zane, ta ce, "'Yata, sannu da hanya. Ke kika tuƙo wannan abin ke kaɗai?" Ta ce ita ce. Uwar Zumunta ta zagaya jirgin ta leƙa ciki ko akwai namiji a ɓoye. Ta dawo ta ce, "To iskarki ta kai cittar matar fasto cikin tawa. In aka yi shari'a ke ce shaida." Matan suka fashe da dariya, ita ma ta yi. Matata ta zungure ni ta ce, "Ka gani? Kai da ka ce baro ya fi ƙarfina."

Kafin ta tashi sai da ta taka filin da ƙafarta daga arewa har bakin shanya, ni ina biye. Tana tafiya tana ƙirgawa a hankali. Za ta tashi ne ta fuskanci kudu, wato ta kan cittar, saboda dutsen arewa. Ta ce ita kaɗai ce a ciki, jirgin ba nauyi, zai isa. Duk da haka da muka iso sai muka tarar matata ta kwashe sauran duwatsunmu ita da mata biyu, tana tara cittarta da ba ta gama bushewa ba cikin buhu. Ba wanda ya sa ta. Na ce za ta yi fumfuna. Ta ce za ta baza a kan rufin ɗaki, in kaji sun ci su ci.

Uwar Zumunta ta kawo busasshiyar citta cikin ɗan ƙullin zane ta ba ta. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta ɗaga ƙullin ta ji nauyinsa, ta ciro biro ta rubuta wani abu a allonta. Har ƙullin citta sai da ya shiga takarda. Sannan ta cire shafin nan mai jan layi ta miƙo mini. Ta ce tana da shi a wani wurin.

Ta kai jirgin ƙarshen arewa ta juyo. Injin ya yi ruri har na ji shi a haƙorana. Ya taho da gudu yana nufo shanyar kai tsaye, matan suka ja da baya, kuma tun bai kai inda duwatsunmu suke a da ba hancinsa ya ɗaga, ƙasa ta sake shi. Ya haye kan citta, ya haye mangwaro, ya karkata fiffike sau ɗaya. Muka tsaya muna kallo har ya koma ɗigo, har ɗigon ya ɓace.

Matar da maciji ya sara ta tashi. Tana zuwa cocinmu, tana ɗan ɗingishi. Ba ta san labarin duwatsun ba, ni ma ban faɗa mata ba. Takardar tana cikin Littafi Mai Tsarki nawa, ta yi laushi saboda ninki.

A ranar dai, da mata suka koma kan shanyarsu, na je farkon filin na sake takawa. Wajen kwasar gaggawa an jefar da wasu duwatsu gaba, wasu sun wuce karan da na kafa. Na ƙirga har dutse na ƙarshe: ɗari uku da shida. Gwiwata ta kumbura kamar ƙwarya. Na sari sanda na dogara, na hau tudun bayan coci da tsakar rana, na zauna sau biyu a hanya. Matar ofis ta ɗauka.

Na ce, "Maganar citta ce. Ba ɗari uku ba ne yanzu. Ɗari uku da shida."

Ta ce, "Baba, saboda taku shida ka hau tudu?"

Na ce, "Rubuta."

Na ji ƙarar takarda a wayar. Ta rubuta, ta karanto mini, na ce haka ne.